Sauya babbar manhajar wayar salula

Sauya babbar manhajar wayar salula shi ne mutum ya bar wayar da ke aiki da wata babbar manhaja ya koma wadda ke aiki da wata daban, tare da kwashe bayanansa daga tsohuwar zuwa sabuwar. A yau idan aka yi maganar wannan sauyi, galibi ana nufin ƙaura daga Android ta kamfanin Google zuwa iOS ta kamfanin Apple, ko daga iOS zuwa Android, domin su biyun ne suka mamaye kusan dukkan wayoyin komai-da-ruwanka da ake amfani da su a duniya. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na waɗannan wayoyi Android ne, mafi yawan ragowar kuma iPhone. A Amurka iPhone ce ke kan gaba, a Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen Afirka kuwa Android ta yi mata fintinkau.

Kusan kullum sauyin yana nufin sayen wata waya, saboda Apple bai taɓa bai wa wani kamfani lasisin ɗora iOS a kan wayarsa ba, kuma bai yarda a ɗora Android a kan iPhone ba. Sai dai kuɗin wayar ba shi ne kaɗai abin da ake biya ba. Wasu bayanan suna bin mai su cikin mintuna, wasu sai da dabara, wasu kuma ba sa tsallakawa ko kaɗan. Abin da ke raba su shi ne ko an ajiye bayanin a tsarin da kowa ke iya karantawa, ko kuwa a tsarin da kamfani ɗaya ya keɓe wa kansa.

Ma'anar kalmomi

Babbar manhaja ita ce tushen da sauran manhajoji ke zama a kai. Ita ke kula da allo da kyamara da batir da ma'ajiyar bayanai, kuma ita ke yanke hukuncin ko wata ƙaramar manhaja za ta ga lambobin mutum ko ta san inda yake. Kalmar manhaja aro ce daga Larabci, kuma tun kafin zuwan kwamfuta Hausawa suna amfani da ita ga tsarin darussan makaranta, kamar yadda ake cewa manhajar karatun firamare. Daga baya marubuta da gidajen rediyo suka faɗaɗa ma'anarta ta haɗa da abin da ake girka wa kwamfuta da waya. Wasu suna cewa "tsarin aiki", wanda fassara ce kai-tsaye daga Turanci. A bakin masu saye da sayarwa kuwa ba a cika jin ko ɗaya daga cikinsu ba, suna kawai ake kira: Android ce ko iPhone?

Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan. Wanda ya bar Tecno ya koma Samsung bai sauya babbar manhaja ba. HiOS ta Tecno da XOS ta Infinix da One UI ta Samsung da HyperOS ta Xiaomi duk riguna ne da kamfanonin suka ɗinka wa Android. Launi da wurin maɓallai na iya bambanta, amma asusun Google ɗaya ne, shagon Google Play ɗaya ne, kuma manhajar da mutum ya saya tana nan tana jiransa.

Tarihi

Kafin 2007 babbar manhajar da ta fi yaɗuwa a manyan wayoyi ita ce Symbian, wadda kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya fi kowa amfani da ita. Akwai kuma BlackBerry ta wani kamfanin Kanada mai suna Research In Motion, da Windows Mobile ta Microsoft. A ranar 9 ga Janairu 2007 Steve Jobs ya gabatar da iPhone ta farko. A 2008 wayar Android ta farko, HTC Dream, ta fito kasuwa, shekara uku bayan Google ya sayi ƙaramin kamfanin da ya fara ƙera manhajar. A wannan shekarar ce aka buɗe App Store da Android Market, wanda aka mayar Google Play a 2012. Daga nan darajar waya ta koma kan yawan manhajojin da ke shagonta.

Sauyi mafi girma da aka taɓa gani na dole ne, ba na zaɓi ba. A Fabrairun 2011 Nokia ya sanar da cewa zai ajiye Symbian ya rungumi Windows Phone. Sabuwar manhajar ba ta samu masu rubuta mata manhajoji yadda ya kamata ba, masu saye suka guje ta saboda ƙarancin manhajoji, masu rubutawa kuma suka guje ta saboda ƙarancin masu saye. Microsoft, wanda ya sayi sashen wayoyin Nokia a 2014, ya daina tallafa wa manhajar a ƙarshen 2019, kuma da bakinsa ya shawarci masu amfani da ita su koma Android ko iOS.

Labarin BlackBerry ya fi nuna yadda manhaja guda ke riƙe mutane. A farkon shekarun 2010 matasa a biranen Najeriya da yawa sun riƙe BlackBerry ne saboda manhajar hira ta BBM, wadda ba ta aiki a wata waya, har musayar lambar PIN ta zama abin yayi. Barin wayar a lokacin daidai yake da barin abokai. Da WhatsApp ta yaɗu a kan kowace irin waya, wannan katangar ta rushe. Kamfanin ya saki BBM ga Android da iOS a Oktoban 2013, amma ya makara. An rufe BBM ta jama'a a ƙarshen Mayun 2019, aka kuma kashe hidimomin tsofaffin wayoyin BlackBerry a ranar 4 ga Janairu 2022.

Wani sauyin dolen ya faɗa wa masu wayoyin Huawei. A Mayun 2019 gwamnatin Amurka ta sa wa kamfanin takunkumi, sababbin wayoyinsa suka rasa Google Play da Gmail da taswirar Google. Huawei ya fito da tasa manhajar, HarmonyOS, wadda ta fara hawa wayoyi a 2021 tana iya gudanar da manhajojin Android. Zubin da ya fitar a 2024, HarmonyOS NEXT, ya yanke wannan alaƙar. A ƙasar Sin, saboda haka, akwai babbar manhaja ta uku da ake ƙaura zuwa gare ta.

Abin da ke bin mutum da abin da ke zama a baya

Lambobin waya da kalanda da saƙonnin imel su ne mafi sauƙin ɗauka, domin an gina su a kan ƙa'idojin da kowane kamfani ke bi. Ana iya fitar da dukkan lambobi a fayil guda mai tsarin vCard, wanda wayoyin biyu ke karantawa. Wanda lambobinsa ke cikin asusun Google ma bai buƙatar wannan, da ya shigar da asusun a iPhone lambobin za su bayyana. Matsalar tana tasowa ne idan lambobin sun warwatsu, wasu a kan sim, wasu a cikin wayar kanta, wasu a asusun da mai shago ya buɗe ranar da aka sayi wayar, mai ita bai san kalmar sirrinsa ba. iPhone tana iya kwafo lambobin da ke kan sim, amma ba ta ajiye sababbi a kansa, abin da ke ba wanda ya saba da tsohuwar hanya mamaki.

Hotuna da bidiyo ma suna tsallakawa, sai dai nauyinsu. Tun 2017 iPhone ke ajiye hoto a tsarin HEIC maimakon JPEG. Sababbin wayoyin Android suna buɗe shi, tsofaffi kuwa kan gaza. Akwai kuma tarkon da ba kowa ke lura da shi ba: idan an saita iPhone ta rage cin wuri, ainihin hotunan suna rumbun iCloud ne, abin da ke cikin wayar ƙananan kwafi ne. Mai son ɗaukar su da kebul sai ya fara sauko da su gaba ɗaya, wanda ke cin data mai yawa. Apple na ba da gigabayit 5 kyauta a iCloud, Google kuma 15, waɗanda Gmail da Drive da Google Photos ke rabawa. Tun 2021 ana iya neman Apple ya tura hotunan iCloud kai-tsaye zuwa Google Photos, a 2024 kuma aka buɗe hanyar dawowa daga Google Photos zuwa iCloud.

Manhajoji ba sa ƙaura. Ana rubuta manhajar Android galibi da yaren Kotlin ko Java, ta iOS kuma da Swift ko Objective-C, kuma kowace an shirya ta ne don tsarin da za ta zauna a kai. WhatsApp ta Android da WhatsApp ta iPhone suna ɗaya gare su da kamanni ɗaya, amma manhajoji biyu ne. Abin da kayan ƙaura ke yi shi ne su duba jerin manhajojin tsohuwar waya su nemo takwarorinsu na kyauta a sabon shago. Wadda aka saya da kuɗi a Google Play sai an sake sayen ta a App Store, haka ma idan aka juya. Biyan kuɗin wata-wata da aka ƙulla ta shagon tsohuwar waya kuma ba ya tsayawa don an ajiye wayar, zai ci gaba da fita daga kati har sai an soke shi.

Bayanan da ke cikin manhaja sun danganta da inda suke kwana. Facebook da Instagram da TikTok da Telegram suna ajiye kusan komai a rumbunan kamfanoninsu, shiga da suna da kalmar sirri ya wadatar. Manhajar da ke ajiye kayanta a cikin waya kaɗai, kamar wasu littattafan rubuta bashi da wasanni da manhajojin naɗar murya, takan tashi fayau a sabuwar waya.

A nan ne rashin daidaito tsakanin kamfanonin biyu ke fitowa. Google na samun mafi yawan kuɗinsa daga talla, don haka yana son hidimominsa su kasance a kowace waya: Gmail da YouTube da Chrome da Drive da taswirarsa duk suna App Store. Apple kuwa daga sayar da na'urori ya fi samu, kuma kaɗan ne daga hidimominsa ke Android, kamar Apple Music da ta je can a 2015. Babu iMessage, babu Safari, babu manhajar iCloud cikakkiya sai dai ta shafin intanet, FaceTime ma sai mai iPhone ya aiko da mahaɗi. Sakamakon haka mai barin Android yana tafiya da rabin gidansa, mai barin iPhone kuwa yakan sake gini.

WhatsApp

Ga mafi yawan masu waya a Afirka tambaya ta farko ita ce makomar hirarrakin WhatsApp, inda cinikayya da karatu da zumunci suke taruwa. WhatsApp ba ta ajiye tarihin hira a rumbunta bayan saƙo ya isa. Ajiyar tana zuwa Google Drive ne a Android, a iPhone kuma iCloud, kuma ɗaya ba ta buɗe ta ɗaya. Fiye da shekara goma babu wata hanya ta hukuma da za a bi, mutane suka riƙa biyan manhajojin kwamfuta na wasu kamfanoni ko su haƙura da tarihinsu.

A Agustan 2021 aka sanar da ɗaukar hira daga iPhone zuwa wayoyin Samsung, daga baya a shekarar aka faɗaɗa zuwa Pixel da wayoyin Android 12. Hanyar Android zuwa iPhone ta buɗe a tsakiyar 2022. Sharuɗɗan suna da tsauri: lambar waya ta zama ɗaya a wayoyin biyu, sabuwar wayar ta kasance ba a saita ta ba ko an goge ta, kuma tarihin kira ba ya bi. Masu amfani da jabun WhatsApp irin su GB WhatsApp, waɗanda ake girkawa daga wajen shago, ba su da wannan dama, domin kamfanin bai amince da su ba, yana ma rufe asusun masu amfani da su. Ƙungiyoyin hira dai ba sa ɓacewa, tunda da lambar waya suke ɗaure. Abin da ake rasawa shi ne tsofaffin saƙonni da hotuna da muryoyi.

iMessage

Apple ya fito da iMessage a 2011. Idan masu iPhone biyu suna musayar saƙo, yana bi ta intanet ya fito da launin shuɗi, idan ɗayan mai Android ne sai ya koma tes na yau da kullum mai launin kore. Wanda ya cire layinsa daga iPhone bai kashe iMessage ba, lambarsa takan ci gaba da zama a rajistar Apple, sai saƙonnin da masu iPhone ke aiko masa su maƙale ba su iso sabuwar wayar ba, mai aikowa kuma bai sani ba. A 2014 wata mata a jihar Kaliforniya ta kai Apple ƙara a kan haka, kuma a Nuwamban shekarar kamfanin ya buɗe shafin cire lamba daga rajistar. Har yau shawarar ita ce a kashe iMessage da FaceTime kafin a zare sim.

A Amurka, inda ake yawan hira ta manhajar saƙon da ta zo da waya, wannan bambancin launi ya zama babban abin da ke hana matasa barin iPhone. A Najeriya nauyinsa kaɗan ne, domin WhatsApp ta riga ta cike gurbin. A Satumban 2024, da fitowar iOS 18, iPhone ta fara karɓar tsarin RCS, wanda ke sa hoto da bidiyo su isa mai Android da kyau, a kuma ga alamar an karanta, muddin kamfanin layin ya kunna shi. Launin dai bai canza ba.

Kalmomin sirri da banki

Wannan ɓangaren ne ya fi jefa mutane cikin matsala, saboda shekaru suna wucewa waya na tuna wa mutum kalmomin sirrinsa har ya manta su. Android na ajiye su a asusun Google, iPhone kuma a iCloud. Na Google ana samun su a iPhone ta hanyar Chrome. Na Apple ana iya fitar da su a fayil, fayil ɗin kuwa a buɗe yake, duk wanda ya same shi ya samu komai, don haka ana goge shi da zarar an gama. Manhajojin da ke fitar da lambar tabbatarwa mai canzawa, irin su Google Authenticator, ya fi kyau a kwashe su tun tsohuwar waya tana hannu. Wanda ya sayar da wayar kafin nan na iya samun kansa a kulle a wajen asusunsa.

Manhajojin banki yawanci suna ɗaure kansu da waya ɗaya. A sabuwa sai an sake rajista da lambar da banki ke turowa ta tes, wani lokaci da bayanan kati ko hoton fuska. Hada-hadar da ake yi ta danna lambobi masu tauraro ba ta shafar wannan sauyi, domin da layin take tafiya ba da wayar ba.

Kayan ƙaura

A Satumban 2015 Apple ya saki Move to iOS, manhajarsa ta farko a shagon Google. Ana girka ta a tsohuwar wayar Android, sabuwar iPhone ta nuna lamba mai alƙaluma shida ko goma, a shigar da ita, wayoyin su haɗu ta wata hanyar Wi-Fi ta wucin gadi da iPhone ɗin ke buɗewa. Tana ɗaukar lambobi da tes da hotuna da bidiyo da kalanda da asusun imel da hirar WhatsApp. Tana aiki ne kawai a lokacin saitin farko. Wanda ya riga ya fara amfani da iPhone ɗin sai ya goge ta ya faro daga tushe. Kiran waya ko buɗe wata manhaja a tsakiyar aikin na iya katse shi, shi ya sa ake jona wayoyin biyu a caji a ƙyale su har su gama.

A ɗaya ɓangaren Samsung na da Smart Switch, Google kuma ya saki Switch to Android a App Store a 2022. Haɗa wayoyin da kebul ya fi sauri kuma ya fi ɗaukar abubuwa da yawa, kuma shi ake buƙata don hirar WhatsApp daga iPhone. A kasuwannin waya irin su Farm Centre a Kano da Computer Village a Legas akwai masu yin wannan aiki da kwamfuta a biya su. Hanya ce mai sauƙi ga wanda ba shi da data ko wuta, amma tana nufin miƙa buɗaɗɗiyar waya da duk abin da ke cikinta ga wani.

Bambancin da ake tararwa

Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion na ƙasar Sin ne, sun karɓu a Afirka saboda abubuwan da iPhone ba ta da su: gurbin sim biyu, gurbin memori, rediyon FM, da kafar abin saurare. iPhone ba ta taɓa karɓar memori ba, ba ta kama FM, ta kuma cire kafar abin saurare tun iPhone 7 a 2016. Mai sauraron labaran safe a rediyon wayarsa kyauta, idan ya koma iPhone sai ya saurara da data. Layi biyu ya zo iPhone ne a 2018, ɗaya na kati ɗaya kuma eSIM, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba. Samfurin Amurka daga iPhone 14 zuwa sama ba shi da gurbin kati sam. MTN da Airtel suna bayar da eSIM a Najeriya, amma mai sayen wayar hannu da aka shigo da ita daga Amurka ya kamata ya san haka kafin ya biya, ya kuma tabbatar ba a kulle ta da wani kamfanin layi na can ba.

Caja ta daina zama matsala a sababbin wayoyi. Daga 2012 iPhone na amfani da bakin Lightning, har iPhone 15 ta 2023 ta koma USB-C, bayan Tarayyar Turai ta yi dokar da ta tilasta baki ɗaya ga duk wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta. Agogon Apple Watch ba ya aiki da Android, sababbin agogunan Galaxy Watch kuma ba sa aiki da iPhone. AirPods suna haɗuwa da Android ta Bluetooth, amma suna rasa wasu ayyukansu.

Sai sabon hannu. Android na da maɓalli ko jan yatsa guda na komawa baya da ke aiki a ko'ina, iPhone ba ta da irinsa, galibi ana jan allo ne daga gefen hagu. Android na barin mutum ya girka manhaja daga fayil ɗin da aboki ya tura masa ta Xender, iPhone ba ta yarda sai daga App Store, in ban da wasu ƙasashe, kamar na Tarayyar Turai da aka sassauta wa tun 2024.

Ga mai rubutu da Hausa akwai batun haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar a inda Najeriya ke rubuta 'y. Rashinsu na canza ma'ana: kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, haka bari da ɓari, da daki da ɗaki. A Android allon rubutu na Gboard ya daɗe da Hausa. iPhone ta fara barin a girka allon rubutu na wani kamfani a 2014, amma nata allon bai samu Hausa ba sai a iOS 17 ta 2023. Rubutun da aka yi a waya ɗaya yana fitowa daidai a ɗayar, domin duk suna bin ƙa'idar Unicode. Abin da ba ya tsallakawa shi ne kalmomin da allon ya koya daga mai shi tsawon shekaru, sunayen 'yan uwa da garuruwa da irin gaisuwarsa. Sabon allo, idan an bar shi a Turanci, yakan yi ta "gyara" kalmomin Hausa zuwa na Turanci har sai an ƙara masa Hausa ko an kashe gyaran.

Tattalin arziki da shari'a

Masana tattalin arziki suna kiran duk waɗannan wahalhalu kuɗin sauyi, wato abin da mai saye ke asara na kuɗi da lokaci da sabo idan ya bar wani kamfani ya koma wani. Paul Klemperer na cikin waɗanda suka yi nazarin batun tun 1987, inda ya nuna cewa idan sauyi ya yi tsada, kamfanoni kan yi gasar kama sabon mai saye, sannan su rage gasa a kan wanda ya riga ya shiga hannu. Najeriya ta ga irin wannan a harkar layuka. Kafin Afrilun 2013 wanda ya bar kamfanin layi sai ya bar lambarsa, har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ƙaddamar da tsarin komawa wani kamfani da lamba ɗaya.

Muhawarar ita ce nawa ne daga cikin wahalar sauya waya ya samo asali daga fasaha, nawa ne kuma da gangan. Takardun da suka fito a shari'ar Epic Games da Apple a 2021 sun nuna cewa tun 2013 manyan jami'an Apple sun tattauna kai iMessage zuwa Android, wasunsu suka ƙi, da hujjar cewa hakan zai sauƙaƙa wa iyaye masu iPhone saya wa 'ya'yansu Android. A ranar 21 ga Maris 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka tare da jihohi fiye da goma ta kai Apple ƙara, tana zarginsa da toshe gasa ta hanyar tsananta wa masu son barin iPhone, ta kawo misalin saƙonni da agoguna da biyan kuɗi ta waya. Apple ya musanta, yana cewa rufaffen tsarinsa ne ke kare sirri da tsaron masu amfani da shi. Hujjar tana da nauyi a batun girka manhaja daga waje, inda manhajojin damfara suka fi samun kafa, amma da wuya ta bayyana dalilin da zai sa agogo ya ƙi aiki da wayar wani kamfani.

Google ma bai tsira ba. A 2018 Tarayyar Turai ta ci shi tarar fiye da Yuro biliyan 4 saboda sharuɗɗan da yake gindaya wa masu ƙera wayoyin Android, kuma a Disamban 2023 masu taimaka wa alƙali a wata kotun Amurka suka same shi da laifin babakere a shagon Google Play. Dokar kasuwannin intanet ta Tarayyar Turai, wadda sharuɗɗanta suka fara aiki a kan manyan kamfanoni a Maris 2024, ta wajabta musu bai wa mutane hanyar kwashe bayanansu, kuma a ƙarƙashinta ne Apple ya yi alƙawarin samar da hanya mafi sauƙi ta ƙaura daga iPhone zuwa wayar wani kamfani.

Tsohuwar waya

Da yawa suna sayar da tsohuwar waya ne ko su yi musanye don cika kuɗin sabuwa, kuma a nan ake gaggawar da ke jawo asara. Ba a goge tsohuwar sai an buɗe banki da WhatsApp da imel a sabuwar an ga suna aiki. Kafin gogewa kuma sai an fita daga asusun da ke kanta. Tun 2013 iPhone ke da makullin da ke ɗaure ta da asusun Apple na mai ita, Android ma ta samu irinsa a 2015. An yi su ne don rage satar waya, amma suna kama wanda ya saya da gaskiya idan mai sayarwa ya manta bai fita ba. Wayar takan tsaya a allon farko tana neman kalmar sirrin tsohon mai ita, kuma gogewa ko filashin ba sa cire makullin iPhone, domin rajistar tana wajen Apple ne ba cikin wayar ba. Kamfanin na cire shi idan an kawo shaidar saye ta asali, takardar da mai sayen wayar da ta bi hannu uku ko huɗu ba safai yake da ita ba.